Yadda Ake Gane Talibambam da Abin da Za a Yi Idan Wani Ya Ci Gubarsa

Talibambam shi ne kifin nan da ke haɗiyar ruwa ko iska ya kumbura tim idan aka taɓa shi. Danginsa sun haura iri 100 a duniya, mafi yawansu a teku, kaɗan a koguna da tafkuna, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wata guba da masana ke kira tetrodotoksin. Miligiram 1 zuwa 2 na wannan guba, wato a raba giram guda gida dubu a ɗauki kashi ɗaya ko biyu, ya isa ya kashe babban mutum. Har yau ba a samo mata makari ba, kuma babu irin girkin da ke karya ƙarfinta. Saboda haka kariyar da ake da ita biyu ce kawai: a gane kifin tun kafin ya shiga tukunya, idan kuwa ƙaddara ta sa an ci, a riƙe wa mutum numfashinsa har a kai shi hannun likita.

Mai karatu a Maradi zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda tsakaninmu da teku tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Gaskiya ne haɗarin ba na kullum ba ne, domin katan-katan na kifin ƙanƙara da ke zuwa mana daga tasoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Legas yawanci sanannun kifaye ne iri ɗaya a kowane katan. Sai dai nisa da teku shi kansa wani rauni ne, domin mutumin bakin teku ya san kifin nan tun yana yaro, mu kuwa idonmu ya fi sabawa da tarwaɗa da karfasa na tafkin Madarumfa. Abin da ya faru a Bangaladash a shekarar 2008 ya isa misali: an kai talibambam na teku kasuwannin garuruwan da ke nesa da gaɓa, aka sayar da shi da araha a lokacin tsadar abinci, talakawan da ba su taɓa ganinsa ba suka saya suka dafa. Mutum 141 suka kwanta, 17 suka rasu. Ban da wannan, fatakenmu suna zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin da Dubai da biranen gaɓar Afirka ta Yamma, samarinmu suna ci-rani a Libiya da Aljeriya, kuma akwai talibambam na ruwan daɗi a kogin Isa da tafkin Chadi, inda banda mai yawa ke fitowa.

Yadda gubar take, da dalilin da ya sa wuta ba ta kashe ta

Asalin gubar daga wasu ƙwayoyin bakteriya ne na cikin ruwa. Ƙananan halittu irin su dodon koɗi da tsutsotsin ƙasan teku suna ɗaukarta, talibambam ya cinye su, ita kuma ta yi ta taruwa a jikinsa ba tare da ta yi masa lahani ba. A Japan an yi kiwonsa a tankuna da abincin da babu guba a ciki, aka tarar kusan babu ita a jikinsa. Wannan bayani yana da muhimmanci ga mai saye, domin shi ne dalilin da ya sa kifi biyu iri ɗaya, da aka kama a wurare ko lokuta daban, ɗaya zai wuce lafiya, ɗayan ya hallaka gida guda. Gubar ta fi yawa a hanta da ƙwai da hanji, a wasu nau'o'in har da fata, a wasu kuma har cikin tsokar kanta, kuma takan ƙaru a ƙwan macen lokacin hayayyafa. Don haka idan mai kifi ya ce maka "mun saba ci, ba abin da yake yi", ba lallai ne ƙarya yake yi ba, amma maganarsa shaida ce a kan kifin jiya, ba a kan wanda ke kan tirensa yau ba.

Wani masanin Japan mai suna Yoshizumi Tahara ne ya fara tace gubar ya raɗa mata suna a 1909, sannan a 1964 Toshio Narahashi da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna yadda take aiki. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka suna da wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga, kuma shigarsa ce ke tura saƙon gaba. Tetrodotoksin tana toshe waɗannan ƙofofi. Kamar a yanke waya ne tsakanin mita da ƙwan fitila: wuta tana nan, ƙwan lafiyarsa ƙalau, amma ɗaki ya yi duhu. Ƙwaƙwalwa tana ba da umarni, tsoka ba ta ji, har abin ya kai ga tsokokin haƙarƙari da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, waɗanda su ne ke jawo iska cikin huhu. Mafi yawan waɗanda suka mutu, tsayawar numfashi ce ta kashe su, kuma sau da yawa suna cikin hayyacinsu, suna jin duk abin da ake faɗa a kansu, har kusan ƙarshe.

Ya kamata uwargida ta sani cewa tafasa da suya da gashi ba sa taɓa wannan guba, haka nan banda da shanya a rana da cuɗa gishiri da ajiya a firigo. Ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta canza launin miya. Tana kuma narkewa a ruwa, saboda haka idan kifin ya dahu a cikin miya, tsame shi ba ya tsarkake tukunyar, romon ma ya zama guba, har yaron da aka zuba wa miya zalla a kan tuwo yana cikin haɗari. A 2014 mutum huɗu a birnin Miniyafolis na Amurka suka dafa busasshen kifi da aka sayo daga wani mai talla a Niyu Yok, gubar ta kama su, biyu sai da aka kai su asibiti, bincike kuma ya nuna talibambam ne. Busarwa ba ta rage masa komai ba.

Gane shi a kasuwa

Idan kifin yana nan da kansa da fatarsa, gane shi ba wuya. Fara da baki. Ɗaga leɓensa da yatsa, za ka ga ba shi da jerin ƙananan haƙora irin na sauran kifaye, sai manyan faranti huɗu masu ƙarfi, biyu a sama biyu a ƙasa, da tsaga a tsakiya, sun haɗu sun zama baki irin na aku. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace tabbas, kuma ko a banda ba ta ɓacewa. A kifi mai rai kada a kusantar da yatsa, domin cizonsa yana yanke tsoka.

Daga nan shafa jikinsa. Ba shi da ɓawo, fatarsa kauri gare ta, kuma a yawancinsu cikin yana da ƙananan ƙayoyi da za ka ji suna kartar hannu idan ka shafa daga wutsiya zuwa kai. Fatar cikin sako-sako take, tana da tattara, saboda ita ce ke buɗewa idan ya kumbura, kuma kada a jira ganin kumburin, domin mataccen kifi galibi a saɓe yake. Duba bayan kai: karfasa tana da murfin kunne mai tauri da ake ɗagawa a duba ja ko fari, shi kuwa wata ƴar tsaga ce kawai a gaban fiffiken gefe. Ba shi da fiffike biyun nan na ƙarƙashin ƙirji, kuma fiffiken baya da na ƙasa ƙanana ne, sun koma can kusa da wutsiya suna kallon juna. Na kogi yakan kai santimita 40, da zane-zane masu duhu da rawaya da suka bi tsawon jikinsa, cikinsa fari ko rawaya-rawaya. Na teku da yawa dogaye ne, bayansu toka-toka ko kore-kore, gefensu kalar azurfa, wanda ba a sani ba sai ya ɗauka kifin kirki ne.

Game da na kogin, an sha samun wata guba mai suna saksitoksin a danginsa na ruwan daɗi a Asiya da Kudancin Amurka, wadda ita ma ke toshe ƙofofin jijiyar nan da tetrodotoksin ke toshewa, alamominta kuma iri ɗaya ne. A ganina hukuncinsu ɗaya: a bar shi.

Inda matsalar take shi ne kifin da aka riga aka gyara. Idan aka sare kai aka feɗe fata, abin da ya rage farar tsoka ce mai kyan gani, marar ƙananan ƙayoyi, kuma ko ƙwararru suna ruɗewa. A 2007 wasu mutum biyu a Shikago suka kamu bayan sun sha romon kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga Sin da sunan wani kifi dabam a jikin katan. Idan haka ta faru a ƙasar da ake binciken kaya a tasha, to rubutun katan kaɗai bai isa madogara ba. Ka'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce kada a sayi kifin da ba a sani ba idan babu kai babu fata. Tambaya ba ta ɓata ciniki: "Malam, wane irin kifi ne wannan, ina kansa?" Idan amsar ita ce sabon kaya ne, ko haka ya zo a ƙasan katan, a wuce. Haka nan kada a sayi ƙwan kifi ko hantar kifi da aka tara a roba ba tare da sanin daga jikin wane kifi suka fito ba, kuma a tsintsince gutsattsarin banda da ake aunawa a kwano kafin a zuba a miya, a jefar da duk kan da ke da baki mai faranti huɗu tare da abin da ya yi kama da jikinsa. Araha mai yawa a kan baƙon kifi ita ma abin tsayawa a yi tunani ce, domin ita ce ta ja mutanen Bangaladash.

Masu sarin katan su ma suna da nasu aikin. Idan aka fasa katan aka ga wani kifi dabam ya ɓuya a cikin sauran, kada a ba yaran shago ko almajirai a matsayin kyauta.

Ga matafiya

A Japan ana cin wannan kifi da sunan fugu, kuma abinci ne mai tsada, amma ba kowa ke da izinin yanka shi ba, sai wanda ya yi horo ya ci jarrabawa ya sami lasisi, kuma tun 1983 aka hana sayar da hantarsa. Kafin wannan hani, a 1975, shahararren ɗan wasan gargajiyar ƙasar Bando Mitsugoro na takwas ya ci hantar a wani gidan abinci a Kiyoto, yana ganin jikinsa zai ɗauka, ya mutu bayan ƴan sa'o'i. A yau mafi yawan masu kamuwa a can su ne waɗanda suka kama kifin da ƙugiya suka gyara da kansu a gida. Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da dangin kifin gaba ɗaya a kasuwanninta. Alhajin da abokan ciniki suka gayyata cin abinci a Sin ko Japan ba zai rasa komai ba idan ya tambayi sunan kifin da aka kawo, ya kuma nemi a canza masa. Kasancewar abincin teku halal bai sa a ci abin da aka san yana kisa ba.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne ƴan ci-rani a gaɓar Bahar Rum. Wani nau'in talibambam mai gefen azurfa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a baya ya ratso mashigin Suwez daga Bahar Maliya, aka fara ganinsa a ruwan Turkiyya a 2003, daga nan ya bazu har gaɓar Masar da Libiya da Tunisiya da Aljeriya. Yana girma sosai, yana faɗawa koma da yawa, masunta suna watsar da shi a bakin ruwa, har gwamnatin Turkiyya tana biyan lada ga wanda ya kawo wutsiyarsa. Saurayin da ke aikin gini, kuɗin cefane ya yi masa wuya, ya ga ƙaton kifi a yashe, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya tsinci dami a kala. Duk kifin da masuntan wuri suka jefar, akwai dalili.

Alamomi, da abin da za a yi kafin a isa asibiti

Alamomi sukan fara tsakanin minti 10 zuwa 45 bayan ci, wani lokaci su jinkirta ƴan sa'o'i, kuma gwargwadon saurin farawarsu gwargwadon tsananin abin. Ta farko ita ce sagewar leɓɓa da harshe, irin wadda ke biyo bayan allurar likitan haƙori, sannan ta sauka zuwa yatsun hannu da na ƙafa. Daga nan jiri da tashin zuciya da amai, yawu ya riƙa zuba, harshe ya yi nauyi magana ta karye, tafiya ta zama tangaɗi, haɗiya ta gagara. Idan abin ya ci gaba, gaɓoɓi su saki, numfashi ya zama sama-sama, leɓɓa su yi duhu, hawan jini ya faɗi. Mutuwa takan zo cikin sa'a 4 zuwa 6, a wasu ma ƙasa da sa'a guda. Wannan ya bambanta da ɓacin cikin da rubabben kifi ke jawowa, wanda gudawa da murɗa ne, ya kuma bambanta da jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai da kifin ƙanƙara ke sawa idan ya daɗe a zafi. Sagewar baki bayan cin kifi ita ce alamar da ba a jira a gani ko za ta wuce.

A tashi nan take zuwa babban asibitin da ke da na'urar taimaka wa numfashi. Idan daga ƙauye ne, a tsaya a asibitin da ya fi kusa domin ma'aikacin lafiya ya raka ku da jakar robar nan da ake matsawa da hannu tana tura iska, amma kada a yarda a kwana a can ana jiran gari ya waye. A cikin gari ana iya kiran lamba 18 ta sojojin kashe gobara. Kada a ɗora shi a bayan kabu-kabu, domin hannun da ke riƙe yanzu zai iya saki a tsakiyar hanya. A nemi mota ko adaidaita inda zai kwanta wani yana kusa da kansa. A tafi da duk wanda ya ci daga tukunyar, har wanda ke cewa shi garau yake, musamman yara, a kuma ɗauki ragowar miyar da kan kifin ko fatarsa a leda.

Al'adarmu idan an ce guba, sai a ɗauko nono ko manja ko ruwan tsamiya ko rubutu a ɗura wa mutum. A wannan gubar ɗurar tana iya zama ajalinsa, domin maƙogwaron da ya sage ba ya rufe hanyar iska, abin da aka zuba sai ya wuce huhu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke karya ta, kuma gawayin da likita ke bayarwa a sa'ar farko don ya kama gubar a ciki gawayi ne na musamman, dakakken gawayin murhu ba ya maye gurbinsa. Kada a tura masa yatsa a wuya. Idan amai ya zo da kansa, a juya shi kan gefensa, a share bakin da tsumma. Addu'a ana yin ta a cikin mota, ana tafiya. Zaman jiran mai magani da tunanin sammu ne ko iska ce shi ke cinye sa'o'in da ake da su.

Wanda ke zaune kusa da kansa aikinsa ɗaya ne, kallon ƙirji. Idan ya ga ya daina ɗagawa, ko numfashin ya zama ɗai-ɗai, a kwantar da mutumin rigingine a kan abu mai tauri, a share bakinsa, a ɗora tafin hannu a goshi a ɗaga haɓa sama, a toshe hanci da yatsu biyu, a haɗa baki da baki a hura na daƙiƙa guda har a ga ƙirjin ya tashi, a bari ya sauka. Ga babba ana hurawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa 5 zuwa 6, ga yaro a kowace daƙiƙa 3. Idan ba a jin bugun zuciya a gefen wuya, a haɗa da danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, danna 30 hura 2, a yi ta maimaitawa. Mutum yana gajiya da sauri, don haka a riƙa karɓeɓeniya, kuma kada kunya ko ƙyama ta hana ɗa hura wa mahaifinsa ko miji hura wa matarsa. Ba a dainawa sai ma'aikacin lafiya ya karɓa. A riƙa yi masa magana mai kwantar da hankali, "Baba, muna hanya, ga asibiti nan", domin mai yiwuwa yana ji, kuma kuka da salati a kansa ba abin da za su ƙara masa sai firgici.

Da isa asibiti, kalmar farko ta zama kifi. Likitan da ke aiki nesa da teku zai fi saurin tunanin saran maciji ko maganin ƙwari ko shanyewar ɓarin jiki, saboda haka a faɗa masa ƙarfe nawa aka ci, wane sashe aka ci, mutum nawa, da lokacin da baki ya fara sagewa. Aikin likitoci shi ne riƙe numfashi da na'ura, ƙarin ruwa da magungunan ɗaga hawan jini, har jiki ya fitar da gubar ta fitsari. Wanda ya tsallake sa'a 24 ta farko galibi yakan warke sarai ba tare da wata nakasa ba, shi ya sa ake riƙe har masu sauƙin alamomi a sa musu ido na yini da kwana.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu da ke gaggauta sutura. Wanda gubar ta yi wa tsanani yana iya kwanciya ba motsi, ƙwayar idonsa ta buɗe ba ta amsa haske, numfashinsa ya ɓace wa ido, alhali zuciyarsa tana bugawa kuma yana iya dawowa idan aka ci gaba da ba shi iska. Kada dattijon gida ko maƙwabci ya shafa ido ya ja mayafi ya ce rai ya yi halinsa. Wannan hukunci na likita ne, bayan ya auna.

Ragowar abincin

Abin da bai tafi asibiti ba, kada a zuba wa kaji ko kyanwa ko kare, kada kuma a kai juji inda awaki da yara ke tono. A watan Satumba na 1774, a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, matuƙin jirgin ruwan Ingila James Cook da masana biyu da ke tare da shi suka ɗanɗana hanta da ƙwan irin wannan kifi, suka kwana jikinsu a sage, da safe aka tarar da aladen da ya ci kayan cikin ya mutu. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke tukunya da wuƙa da katakon yanka da sabulu da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan wankin inda dabba ba za ta sha ba.

Sannan a koma wurin mai kifin a ranar, ba don rigima ba, domin a tsayar da sauran kayan, a kuma sanar da jami'an lafiya da shugaban ƴan kifi na kasuwar, tunda da wuya a ce gida ɗaya ne ya saya. A watan Janairun 2018 wani kanti a garin Gamagori na Japan ya sayar da ƙunshi biyar na fugu ba a cire hantar ba, hukumar garin ta kunna lasifikokin gargaɗin bala'i tana kiran waɗanda suka saya su dawo da shi. A Maradi lasifikar masallacin unguwa da gidajen rediyo da rukunonin WhatsApp na ƴan kasuwa za su yi wannan aiki, kuma sanarwar ta ƙunshi siffar kifin, da kasuwar da aka saye shi, da ranar, tare da hotonsa idan an samu.